Maɓallan Baba Kafinta

Shekara huɗu na yi a jami'a, amma har yau mutanen gidanmu ba su gane abin da nake karantawa ba. Umma ta gama gaya wa maƙwabta likita zan zama. Yayana kuwa, da yake ba ya barin mutum ya sarara, cewa yake, "Ƙanwata digiri take yi a kan saka maɓalli." In na ce masa aikinmu shi ne koya wa wanda ciwo ko haɗari ya kayar yadda zai koma yi wa kansa wanka, da sa kaya, da cin abinci, har ya koma sana'arsa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To ai shi na faɗa, maɓalli." In ji kamar in shaƙe shi, don rabin maganarsa gaskiya ce.

Kuma maɓallin ne ya kayar da ni a jarrabawar ƙarshe.

A sashenmu akwai wani ɗaki da aka shirya kamar ɗakin gida, da gado, da kujera mai hannu, da dogon madubi a jikin bango. A nan ake jarrabawar. A ba ki mai jinya, a ba ki minti ashirin, malama ta zauna a kusurwa tana kallo. Tamu malamar muna kiranta Malama Agogo, saboda agogon da take ratayawa a wuya. Ba ta faɗa, ba ta zagi, kallo kawai take yi, kuma wallahi gara zagin.

Wata tsohuwa aka ba ni, mai rawar hannu, aka ce in koya mata sa rigar sanyi. Na yi bayani tsaf, ta sa hannu ɗaya, ta sa na biyu. Da aka zo maɓalli sai ya riƙa zille mata. Ta kama, ya kuɓuce, ta sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Ban san lokacin da yatsuna suka kai kansu ba. Kafin ta ɗago kai na saka mata duka huɗun, har da gyara mata wuyan riga. Tsohuwa ta shiga sa min albarka, ni kuma ina ta washe baki.

Malama Agogo ta danna agogonta ta ce, "Madalla, riga ta shiga. Gobe da safe ƙarfe nawa za ki je gidanta ki sa mata?"

Na faɗi ke nan. Ta ce dama ɗaya ta rage min, nan da sati uku, in na sake faɗuwa sai baɗi. Ta kuma ba ni aikin gida: in ɗaure hannuna na dama tun daga safiyar Asabar har yammar Lahadi, in yi komai da hagu, kada kowa ya taya ni.

Ko awa ɗaya ban yi da ɗaurewa ba Umma ta same ni ina kokawa da murfin man shafawa. Ta fizge ta buɗe. Na ce, "Umma, an ce kada a taya ni." Ta ce, "Wa ya ce? Ita malamar taku ba ta haihu ba ne?" Na ɗauki kofi, ta riƙe min gindinsa. Na ɗauki tsintsiya, ta karɓe. Yaya yana kwance a kan doguwar kujera yana dariya har da dukan matashi, yana cewa, "Umma, ki bar ta, karatu take yi!" A ranar na gane ciwon nawa gado ne, a nono na sha shi.

Ranar Litinin aka haɗa ni da wanda zan yi jarrabawar da shi. Dattijo ne kakkaura mai furfura a gira, kowa a asibitin koyarwar yana ce masa Baba Kafinta. Wata bakwai da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, amma hannun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likitan gashin ƙashi ya ce akwai sauran ƙarfi a hannun, mai hannun ne ya yi fushi da shi.

Na gaishe shi, na shimfiɗa riga a kan gwiwarsa, na ce hannun da ba shi da ƙarfi ake fara zurawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yar makaranta, 'ya'yana huɗu, duk maza, kowa da ranarsa. Me zai sa in yi dambe da riga?"

Sati guda cur muna haka. In yi lallashi, ya yi hamma. In yi bayani, ya tambaye ni ko an kusa kawo shayi. Kullum in fito ina ƙidaya kwanakin da suka rage, raina a jagule.

A sati na biyu na kawo masa ƙugiyar maɓalli. Waya ce da ake lanƙwasawa a dasa a jikin ƙotar katako, a zura ta cikin ramin riga, ta kamo maɓalli, a jawo. Duk ɗalibi sai ya ƙera tasa a ɗakin ƙere-ƙere na sashe, kuma ni ina alfahari da tawa, don maki mai kyau aka ba ni a kanta. Na miƙa masa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya shafa ƙotar da babban yatsa. Fuskarsa ta canza kamar ya taka ƙaya.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ce, Baba."

"Da haƙori kika fere ta?"

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na ce masa malamai ma sun yaba. Ya ce malaman ma a kawo masa su. Shekara arba'in yana aikin katako, bai taɓa barin ko ƙafar benci ta fita daga shagonsa da irin wannan kaushi ba. "Jeki samo min samfefar goge katako, mai laushi da mai kaushi. Ba zan taɓa rigata da wannan abin kunya ba."

Na ruga ɗakin ƙere-ƙere na kawo. Ya ɗora ƙotar a gwiwa ya fara gogawa da dama, ƙota tana mirginawa. Ya tsayar da ita, ta sake mirginawa. Yana cikin faɗa da ni a kan yaran zamani da rashin haƙuri, sai na ga hannun hagun nan ya ja jiki a hankali, ya hau kan katakon, ya danne. Shi bai ma lura ba. Wayyo, kamar in yi ihu! Na cije leɓe, na tura hannuwana ƙarƙashin cinya na zauna a kansu, na ce, "Haka ne, Baba, ba mu da haƙuri."

Daga ranar muka raba lokaci biyu, rabi na katako, rabi na riga. Ya fafe wa babban yatsa gurbi a ƙotar, ya sa na rage tsawon wayar. Da ƙugiya ta zama tasa, dole ya gwada ta, don ya nuna min bambancin aikin gwani da na 'yan koyo. Ranar farko maɓalli ɗaya ya shiga. Rana ta huɗu, uku. Biyar ɗin dai ba mu taɓa kaiwa ba har ranar jarrabawa ta zo.

Ƙarfe goma na safe Malama Agogo ta zauna a kusurwarta ta danna agogo. Baba ya zo da farar riga mai maɓalli biyar, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya zura hannun hagu, ya ja hannun rigar har kafaɗa, ya zagayo da ita ta bayan wuya, ya zura dama. Minti huɗu. Na ce a raina, yau kam Allah ya dube ni.

Ya ɗauki ƙugiya ya fara daga ƙasa, yadda muka saba. Tun a na farko na ga ɓarnar. Ya tsallake ramin ƙasa, ya sa maɓallin farko a rami na biyu. Gefen riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi kuma kansa a sunkuye, bai gani ba. Yatsuna suka fara ƙaiƙayi. Abin da zan warware cikin ƙiftawar ido! Na damƙe gefen kujera har farcena ya yi fari. In na gyara masa na faɗi, wannan na sani. In na faɗa masa, zai iya yin fushi ya jefar da ƙugiyar, ya ce a kira masa ɗansa, don na ga ya yi hakan sau biyu. Na bar shi ya ci gaba.

Biyu, uku, huɗu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kai wuya da maɓalli ɗaya a hannu, ya laluba, babu rami. Ya ɗago ya dube ni.

"'Yar makaranta, telan nan ya cuce ni."

Na ce, "Baba, ko za ka leƙa madubi ka gani?"

Ya dogara sanda ya miƙe, ya tsaya gaban madubin. Ya daɗe yana kallo. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, kamar mai duba miƙewar katako.

"Kai! Wannan ai ba ta kan layi." Ya juyo. "Kin gani tun ɗazu?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

"Rigarka ce, Baba."

Ya harare ni, na ce shi ke nan, ƙugiya za ta sha ƙasa. Sai ya yi tsaki, ya koma ya zauna, ya shiga ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Na saci kallon agogon bango. Saura minti biyar, kuma aikin da ya ci masa minti goma ne zai sake daga farko. Na ga shekara guda tana tafiya a gaban idona, na ga fuskar Umma, na ji dariyar Yaya. Duk da haka abin da na ce kawai shi ne, "Haɗa bakin rigar biyu daga ƙasa tukuna." Ya ce, "Ni za ki koya wa haɗa baki?" Ya danne gefe ɗaya da hannun hagu, ya jawo ɗayan ya daidaita.

Yana kan na uku agogon Malama ya yi ƙara. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "A kashe wannan abin, ana aiki." Malama Agogo, wadda ko shugaban sashe ba ya yi mata haka, ta kashe, ta ɗora hannu a cinya ta ci gaba da kallo.

Na huɗu ya shiga. Na biyar, na wuya, shi ne mugun. Ya kuɓuce sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu ya ɗaga haɓa, ya riƙe numfashi, ya ja a hankali, maɓalli ya leƙo ta ramin ya zauna daram. Baba ya shafa gaban rigar daga wuya har ƙasa da tafin hannu, ya ce, "Yawwa. Yanzu aka yi aiki."

Ni ban san ina hawaye ba sai da na ji gishiri a baki. Malama ta taso tana rubutu. Na ce, "Malama, lokaci ya wuce da minti shida." Ta ce, "Lokacin naki ne, kuma a cikinsa ban ga hannunki a rigar mutum ba. Kin ci." Sai ta yi murmushi, abin da a shekara huɗu ban taɓa gani ba, ashe har da wushirya gare ta.

Na daka tsalle, na manta a jarrabawa nake. Na durƙusa gaban Baba ina godiya, ina dariya, ina share fuska da bayan hannu. Shi kuwa hankalinsa ba ya kaina. Yana kallon kansa a madubi, ya sa yatsa ya fara ɓalle maɓallin wuyan da ya sha wahalar sawa.

Na ce, "Baba, lafiya? An gama fa."

Ya ce, "Ke kika gama." Ya yi gyaran murya. "Wata bakwai ke nan ban sa riga ba sai da mutum tsaye a kaina. 'Ya'yan da na yi wa wanka su ke juya ni kamar jariri. Ku ɗan fita, ke da malamarki, ku ja min ƙofa. Ina so in sa ni kaɗai."

Muka fita. Na ja ƙofar har ta yi ƙaras. Muka tsaya a baranda, ni da Malama Agogo, ma'aikata suna wucewa da kekunan marasa lafiya suna kallonmu, an koro mu daga ɗakin jarrabawarmu, kuma daɗi kamar ya kashe ni. Can ciki muka ji ƙugiya ta faɗi ƙasa, muka ji tsaki, muka ji ƙarar sanda tana jawo ta. Babu wadda ta taɓa ƙofar a cikinmu. Jim kaɗan sai muka ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.