Garin Su Kaka Asta

A unguwarsu cikin birnin Zariya, gidan Malam Inuwa ake ce wa gidan Baturiya. Matarsa Asta 'yar ƙasar Norway ce. Ta zo aikin unguwarzoma bayan an samu 'yancin kai, ta musulunta, ta aure shi, ba ta sake komawa ba.

Jikarta Radiya, wadda ke koyarwa a jami'a a Kongo, nan Zariya, tana firamare kakar ta rasu. Abin da take tunawa shi ne farar tsohuwa mai lalle a hannu, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tana kwaɓa dafaffen dankalin turawa da fulawa, ta gasa shi falan-falan a kasko. Lafsa ake kiransa a gidan, har yau ana yin sa da azumi.

Wata rana Radiya ta gayyato wata baƙuwar malama 'yar Norway gida, aka kawo mata lafsa. Matar ta gutsira, sannan ta ce irin wanda kakarta ke yi ne. Ta tambaya daga wane yanki Asta ta fito. Radiya ta ce ba ta sani ba.

Bayan baƙuwar ta tafi, ta sami mahaifinta, Alhaji Nafi'u, a zaure.

"Baba, wane gari ne su Kaka?"

"Norway mana."

"Ai ƙasa ce wannan, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. "Ba ta faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Mun tashi mun gan ta a gidan nan, sai muka ɗauka nan ne garinsu."

Goggo Sa'ida, ƙanwarsa da ke Gyallesu, ta fi shi tunawa. Ta ce idan damina ta yi nisa, mahaifiyarsu kan zauna bakin ƙofa tana kallon ruwa, ta ce gidansu na fuskantar teku tsakanin duwatsu. Babanta maƙerin kwalekwale ne, kuma ta baro wani ƙaramin ƙane mai suna Olav.

Da wannan Radiya ta fara. Baƙuwar ta haɗa ta da wata ƙungiyar masu binciken asali a intanet. Masu suna Asta suna da yawa, aka yi ta bi ana tarar da ba ita ba ce. Sai bayan watanni wata tsohuwar malamar makaranta ta amsa. Ta ce a ƙauyensu, Solvika, an yi wani maƙerin kwalekwale da 'yarsa ta tafi Afirka. Ɗansa Olav na nan da rai.

Wata rana bayan la'asar aka yi kiran bidiyo da Olav, a tsakar gida. Alhaji ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wani tsoho ya bayyana, 'yarsa na gefensa tana mayar da maganarsa Turanci, Radiya na mayarwa Hausa.

Olav ya ce yana yaro yayarsa ta tafi. Da labarin aurenta ya iso, babansu ya hana a ambaci sunanta. Mahaifiyarsu ba ta yi gardama ba, amma duk ranar da jirgin ruwa zai iso sai ta gangara bakin gaɓa ko za ta ga 'yarta, har ƙafafunta suka gaza. Daga nan ya yi wata tambaya a hankali.

"Baba, yana tambaya ko ta yi kaɗaici a nan," in ji Radiya.

Alhaji ya gyara zama. "Gaya masa ranar da ta rasu, lungun nan bai ɗauki mutane ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki makararta, a hannunta aka haife su. Kewa kam ta yi, mun gani, ba mu gane ba."

Olav ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce a matso da wayar. Ya ƙura wa Alhaji ido, ya ce goshin babansu ne sak, har da yadda yake haɗe gira. Goggo Sa'ida ta yi dariya tana share hawaye da mayafi.

"A wajenmu sunanka Kawu," in ji Alhaji.

Tsohon ya gwada kalmar, bakinsa ya ƙi, ya sake gwadawa. Sannan 'yarsa ta juya wayar wajen taga. Ga ruwa shuɗi kwance tsakanin duwatsu, ga wani jan gida na katako a bakinsa. Suna ta kallo a tsakar gidan har ladan ya kira magariba.

Alhaji ya miƙe ya ɗauki buta, sai ya tsaya.

"Radiya, tambaye shi ko yana nan Juma'a mai zuwa. Akwai sauran yara da bai gani ba."