Naman Talo-talo Don Mai Jego

Ranar da Hamsatu ta kwana goma da haihuwa, Fanna ta sayi talo-talo.

Hamsatu 'yarta ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba ta. Amma ba a ɗakin Fanna ake jegon ba. A gidan Kaltumi ake yi, yayar marigayi Modu mijin Fanna, can bayan tasha. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan Gure, don Kaltumi ce ta riƙe yarinyar tun tana shekara biyar, lokacin da Modu ya rasu, Fanna ta hau mota ta tafi Libiya aikatau. Shekara biyu ta ce za ta yi. Ta yi goma sha bakwai a ɗakin girkin wasu Larabawa a Misrata. Bara ta dawo, ta tarar an yi wa 'yarta aure, tata uwar kuma ta rasu, gidan ubanta kuma saura ɗaki biyu da bishiyar aduwa.

Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta zuba masa ido a gaban mutane. Kunya ce, kuma ana yabon mai ita. Shi ya sa ranar suna, da mata suka ga Fanna ta rakuɓe a bakin ƙofa cikin baƙi, ba ta taɓa jaririn ba sai da aka miƙa mata, suka yi ta sa mata albarka, wai Libiya ba ta cinye mata kunya ba. Mata da saurin yanke hukunci! Fanna kaɗai ta san ba kunya ce ta ajiye ta a bakin ƙofa ba. Ba wanda ya matsa mata wuri ne. Hamsatu ta gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa matar liman, "Ina kwananku, kun zo lafiya?" Sannan ta juya ta ce, "Inna, miƙo mini zanen can," Kaltumi ta miƙa.

Abu ɗaya Fanna take so a duniya, kuma ba babba ba ne: 'yarta ta ci abin da hannunta ya dafa. Tun da ta dawo, sau biyu ta aika da abinci gidan mijin Hamsatu. Sau biyun kwano ya dawo a wanke tas, da godiya mai yawa. Daga baya ta ji a bakin wata maƙwabciyarsu cewa abincin ya yi daɗi ƙwarai, su aka ba, har sun so ƙari. Fanna ta yi dariya tare da matar. Da ta koma gida ta zauna gindin aduwa har la'asar ba ta yi komai ba.

Yanzu ga jego ya zo, kuma nama haƙƙin mai jego ne, ba mai mayar da shi. Sai dai me za ta dafa? Farfesun ƙafar sa da kunun kanwa, Kaltumi ta fi ta nesa ba kusa ba. Hannun Fanna ya manta rabin girkin gida, miyar kukarta ma ita kanta ba ta yabonta. Abin da ta ƙware a kai shi ne dunƙulen naman nan da Larabawa ke kira kufta, 'yan boko su ce bulet. Shekara da shekaru tana yin sa da naman talo-talo, saboda likita ya hana maigidan da take wa aiki jan nama. In ta yi, baƙi kan leƙo ɗakin girki su tambayi wa ya dafa.

Daga can ta zo da tukunyar gasa shi. Uwar ɗakinta ce ta ba ta ranar sallama, wata baƙar tukunyar lantarki mai aljihu kamar durowa, wadda iska mai zafi ke gasa abu a cikinta, ba a zuba mai. A kan cinya Fanna ta riƙe ta tun daga Sabha har Agadas, ta naɗe ta da bargo, ta bar kanta a sanyi. Matan unguwa sun zo kallo sau ɗaya, suka ce wannan ai tukunyar marowata ce, suka tafi. Ba su sake zuwa ba.

Aisami mahauci ya yanka mata talo-talon da sassafe. Ta fige, ta zare naman ƙirji da na cinya, ta yayyanka ƙanana, sannan ta zuba a turmi. Daka nama ba daka hatsi ba ne, ba ya ƙara, luɓ-luɓ kawai yake yi, ko maƙwabcin katanga ba zai ji ba. Ta goge albasa ta matse ruwan da tsumma, don in ruwan ya zauna naman ba zai dunƙulu ba. Ta daka tafarnuwa. Ta yanka na'a-na'a da ganyen farsil da ta sayo wajen masu lambun kwari, sabbin tsinka, har da raɓa. Ta murmushe busasshen burodi, ta fasa ƙwai ɗaya, ta kankare bayan lemun tsami, ta sa gishiri. Daga ƙasan akwati ta ɗauko kwalba biyu: ɗaya ta wani garin ƙamshi da Larabawa ke kira kamun, ɗaya ta man zaitun, saura kamar cokali a gindinta. Wata bakwai tana adana wannan cokalin. Ta kife kwalbar a kan naman, ta jira har ɗigon ƙarshe.

Ta jiƙa hannu, ta riƙa mulmulawa, kowane kamar ƙwan zabo. Ashirin da huɗu suka fito. Ba ta cika aljihun tukunyar ba, don in an cunkusa su iska ba ta zagayawa, sai su yi gumi maimakon su gasu. Takwas-takwas ta jera. Ta duba fitilar ɗaki ta ga akwai kuran, wato wutar lantarki, ta yi hamdala, ta murɗa.

Tukunyar ta fara hucinta. Ba hayaƙi, ba ƙarar mai, ba abin da zai haura katanga ya gaya wa unguwa cewa yau ana suya a gidan Fanna. A wasu gidajen, kasko na hawa wuta za ka ji sallama, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo tambayar akuyarta. Nan kuwa daga ita sai tukunyar. Fanna ta kama kanta tana yi mata magana da Larabci, kamar yadda ta saba a Misrata in gidan ya watse, "Yi a hankali, kar ki ƙona mini." Da ta ji muryarta a ɗakin sai kunya ta kama ta. Kaɗaici ne, kuma ta san sunansa, ta daɗe da shi.

Bayan minti shida ta jawo aljihun ta girgiza, ta mayar. Bayan wasu shida ta buɗe. Sun yi ja a baya, ƙamshin na'a-na'a da tafarnuwa ya cika ɗakin. Ta fasa ɗaya, ruwa ya tsattsafo daga ciki. Ta ci rabi a tsaye, sannan ta tuna ba mai hana ta zama yanzu, ta zauna ta ci sauran rabin. Wallahi bai taɓa yi mata kyau haka ba.

Da ta gama gasa sauran, ta jera ashirin da uku a kwano mai murfi, ta matsa lemun tsami, ta ɗaure da sabon ɗankwali. Ba ta hau kabu-kabu ba, kar a girgiza mata su. A ƙafa ta tafi cikin rairayi, rana tana dukan ta.

Ta tarar da Kaltumi a tsakar gida, gaban babbar tukunyar ruwan wanka, tana tura itace. Mace ce mai jiki da murya, ta yi jegon mata tara a gidan nan, ba ta kuma taɓa tambayar kowa yadda ake yi ba.

"Lale, Fanna. Da rana haka? Me kika ɗauko?"

"Ɗan nama ne, Ya Kaltumi. Na mai jego."

"Madalla. Dama kwana uku ke nan ba ta cin abin kirki. Farfesu ta ce ƙarni, gasasshe ta ce tauri. Nonon ma ya ja baya, yaron sai kuka."

Kaltumi ta kwance ɗankwalin, ta buɗe, ta tsaya tana kallo. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta murza yatsunta ta duba. Ba maiƙo.

"Kuran ne ya yanke miki a tsakiya?"

"A'a, sun gasu. Haka ake cin su."

"Ina man?"

"Ba a soyawa da mai. Akwai kaɗan a ciki."

"Ina yajin?"

Fanna ta girgiza kai.

"Haba Fanna! Mace ta zubar da jini, ana gasa mata jiki safe da yamma, ki kawo mata nama ba mai ba yaji kamar ƙwayar likita? Larabawanki haka suke jego? Kawo nan."

Ba mugunta ba ce, kar a ɗauki alhakin Kaltumi. A saninta, naman da bai ga mai ba bai gama dahuwa ba. Ta ja garwashi gefe, ta ɗora kasko, ta kwarara man gyaɗa, ta juye kwanon gaba ɗaya. Ta sa bayan ludayi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana murƙushewa. Fanna tana tsaye tana kallo, hannunta ɗaya riƙe da ɗayan. Aikin safiya guda, da cokalin man zaitun na wata bakwai, duk suka zama dambu kafin a ce me. Kaltumi ta ɗebo yajin jego cike da hannu, citta da kanumfari da masoro da barkono, ta watsa. Hayaƙi ya tashi, wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga tana tambayar me ake soyawa.

Kaltumi ta kwashe a nata kwanon. "Zo mu shiga."

Hamsatu tana zaune a kan gado, ta jingina da bango, jaririn yana barci a gefenta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da ta ga Fanna ta gyara ɗankwali.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jiki? Ya kwanan baƙon?"

"Alhamdu lillahi."

Fanna ta zauna a tabarma kusa da ƙofa. Kaltumi ta ajiye kwanon a cinyar Hamsatu. Hamsatu ta yamutsa fuska, ta ɗan tsakura don kar a yi mata faɗa. Ta tauna. Ta sake tsakura, wannan karon da yatsu uku. Sai ta gyara zama, ta jawo kwanon jikinta.

Fanna ta kafa ido a kan tabarma, yadda ya dace da uwar 'yar fari. Amma kunnenta yana kan kwanon. Tana jin kowace loma.

"Inna, me kika sa a ciki?" in ji Hamsatu, bakinta cike. "Akwai wani ƙamshi can ƙasan yajin. Ban taɓa jin kin yi irin wannan ba."

Kaltumi ta dubi Fanna. Fanna ba ta ɗago ba.

"Na'a-na'a ce," in ji Kaltumi, ta tsaya nan.

Hamsatu ta ci har gumi ya keto mata a goshi. Da ya rage kaɗan sai ta tuna akwai baƙuwa a ɗakin, kunya ta kama ta, ta miƙo kwanon da hannu biyu.

"Bismillanku. Ku ɗanɗana dambun Inna. Na san can ba a samun irinsa."

Fanna ta matso, ta tsakura. Barkono ya fara dukan harshenta, sannan mai, sannan can a baya ta ji kamun ɗinta da bayan lemun tsaminta, suna nan ba su mutu ba.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Ci abinki."

Hamsatu ta cinye, ta suɗe kwanon da yatsa. "Inna, gobe ma ki yi mini."

Kaltumi ta rako Fanna har zaure, riƙe da kwanon da Fanna ta zo da shi. A nan ta tsaya, ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Ni ban iya wannan abin ba, kin sani. Kuma ban son ɗaukar yabon da ba nawa ba. In koma in faɗa mata?"

Fanna ta karɓi kwanon, ta ninke ɗankwalin a kai. Ta daɗe tana gyara bakinsa.

"In kin faɗa mata, za ta ci?"

Kaltumi ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙasa. Daga cikin gida jaririn ya farka ya fara kuka, Hamsatu tana kira, "Inna! Inna!"

"Ana kiran ki," in ji Fanna. "Gobe da hantsi zan kawo. Ki tare ni a nan zaure, ki juye a kwanonki."