Kujerar Wani a Shafin Kafinta

Ranar da surukinsa ya buɗe masa shafin intanet, kafinta ya share shagonsa har ƙarƙashin teburin aiki, inda tsintsiya ta daɗe ba ta leƙa ba. Ya kwashe dusar katako, ya rataye kowane zarto a ƙusarsa, ya sa wankakkiyar riga ya zauna a bakin ƙofa. An ce masa duk duniya za ta gan shi, shi kuwa ba ya son baƙo ya iske shi cikin datti. A tunaninsa shafi kamar rijiya ne, ka haƙa ka koma gefe ruwa ya taru da kansa.

Duniya ba ta zo ba. Wanda ya riƙa zuwa shi ne mai gyaran babur na gefensa, shi ma aron guduma ke kawo shi, ya tambaya ko turawa sun iso, ya tafi yana dariya.

Surukin, mijin 'yarsa Auta, a shagon sayar da waya yake aiki. Kafinta yana kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Yaron ya sha yi masa bayani, a durƙushe, idonsa a ƙasa, cewa shafi shago ne da aka gina a lungun da babu hanya. Sai an yi ta nuna wa mutane ƙofar, sai an amsa saƙo da wuri, sai an sa hotuna masu ɗaukar ido. Kafinta ya saurara da kunne ɗaya, hannunsa na kan katako, ya ce masa ya yi duk abin da ya ga ya dace. Wannan maganar ita ce daga baya ta riƙa dawo masa tana cizonsa.

Wata safiya Auta ta shigo shagon da sauri, goyo a bayanta, waya a hannu. Ta ce an samu mai saye. Wata ma'aikaciyar jinya ce a can wata unguwa mai nisa, tana son kujerar hutawa ta ba mahaifiyarta, ta ga ɗaya a shafin ta ce ita take so, ba ta ma yi ciniki ba.

Kafinta ya goge hannu a cinya, ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa. Kujera ce siririya, ƙafafunta kamar na barewa, an ajiye ta a wani ɗaki mai farin labule da tukunyar fure. Ya daɗe yana kallo.

"Auta, yaushe na yi wannan?"

Ta ce ai hoto ne kawai, Injiniya ya ɗauko shi a wani wuri, haka kowa yake yi. Ya sa ta ta nuna masa sauran. Gadaje, kabad, teburan cin abinci, duk ba hannunsa ba. A ƙasa kuma ga maganganun yabo daga masu saye, wani yana cewa bai taɓa ganin kafinta irinsa ba. Ya tambayi ko wane ne wannan mutumin kirki, don ya je ya yi masa godiya. Auta ta shiga gyara goyon da bai kwance ba.

Da yamma Injiniya ya zo, ya cire takalmi tun daga waje. Bai musa komai ba. Ya ce hotunan kayan Baba duhu ne, bango baƙi, ƙasa duk dusa, mai kallo a waya ba ya tsayawa. Sannan ya kawo hujjar da ta hana kafinta sakat.

"Baba, don Allah, za ka iya yin wannan kujerar ko ba za ka iya ba?"

"Zan iya."

"To ina ƙaryar? Ta ga kujera, za ta samu kujera."

Tambayar ta ba kafinta haushi. Bai yi zurfi a makaranta ba, amma mutum ne da idan tambaya ta maƙale masa sai ya juya ta gaba da baya kamar yadda yake juya katako yana neman inda ya tsage. Tela ma ai yana nuna hoton rigar da ba shi ya ɗinka ba. Amma tela yakan ce ga salo, zaɓi. Shafin nan cewa ya yi ga aikinmu. Idan kuma ya yi kujerar ta fito daidai, ƙaryar jiya ta zama gaskiyar yau ke nan? Ya ga ba zai gane ba sai ya yi ta.

Ya zaɓi katako mafi kyau a shagon. Ya jingina wayar Auta da gwangwanin gam, yana kallo yana awo. Ya yi ƙoƙarin sirance ƙafafun, amma duk lokacin da ya kai inda hoton yake so sai hannunsa ya ƙi. Tun yana saurayi kayansa nauyi gare su, matarsa takan ce kujerarsa sai an yi gayya kafin a matsar da ita a yi shara. Da ya gama ya shafe ta da mai, kujera ta tsaya a tsakiyar shago tana sheƙi. Ta yi kama da ta hoton kamar yadda yarinya take kama da gwaggonta. Kyakkyawa ce, amma ƙafafunta na saniya ne, ba na barewa ba.

Auta ta yi murna. Ta ce shi ke nan, a naɗe ta a aika, matar ba za ta lura ba, in ma ta lura kujera ta riga ta shiga ɗaki, wa zai ɗauko wannan nauyi ya dawo da shi. Injiniya ya gyaɗa kai. Ya ƙara da cewa wannan ce mai saye ta farko, in ta ji daɗi za ta faɗa wa abokan aikinta, daga nan hanya ta buɗe. In ta kuɓuce, Allah kaɗai ya san ranar da wata za ta zo.

Kafinta ya san gaskiya yaron ya faɗa. Ya tuna rigarsa wankakkiya da dariyar mai gyaran babur. Sai ya ce a kira masa matar a waya.

Suka gaisa, ya tambayi jikin mahaifiyarta, ta kira shi Baba. Sannan ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa kujerar da ta gani ba aikinsa ba ce, bai san ma wanda ya yi ta ba, an ɗauko hoton ne a wani wuri. Ya ce ya yi tasa, Auta za ta turo mata hotonta yanzu, in ta yi mata to, in ba ta yi ba babu komai. Injiniya ya dafe kai ya juya yana kallon titi.

Amsa ba ta jima ba. Matar ta rubuto cewa ta gode da ya faɗa mata, amma ita waccan take so, wannan ta yi wa ɗakin mahaifiyarta girma. Ta yi masa fatan alheri.

Auta ta ce Baba ya kori arziki da bakinsa, mijinta ya ɓata lokacinsa da datarsa a banza. Kafinta bai yi mata tsawa ba. Ya ce da matar ta karɓa, duk ranar da tsohuwar ta zauna a kai wani kafinta can za a riƙa yaba wa, shi kuma ya zama ɗan aike.

"Ni na ce ka yi abin da ya dace, Injiniya, ban tsaya na duba ba. Wannan laifin nawa ne. Yanzu sauke su duka."

"Baba, in na sauke, shafin zai zama kango."

"Ya zama. Kangon nawa ne. Da mutumin nan mai yabona, shi ma a sallame shi, ya gaji."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Injiniya, ya danne ta. Ya zauna a kan benci ya shiga gogewa, hoto bayan hoto, har shafin ya rage sunan shago da lambar waya. Ya ɗago ya ce to ko da kayan Baba za a cika shi, ba zai yi aiki shi kaɗai ba. Sai an ɗauki hoto duk lokacin da aka gama abu, sai Baba ya daina barin saƙo ya kwana, sai ya riƙa gaya wa duk wanda ya shigo shago cewa akwai shafi. Wannan karon kafinta ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara da kunne biyu. Ya ce saƙo dai a koya masa na murya, yatsunsa sun yi wa wayar kauri.

Suka cicciɓi kujerar su biyu suka fito da ita bakin titi inda haske yake. Auta, fuska a ɗaure, ta ce a bari ta ɗauko farin zane a rufe bangon. Kafinta ya ce a bar bango yadda yake, nan aka yi ta. Mai gyaran babur ya leƙo ya tambaya ko wannan ce ta turawan.

"Sun ce ta yi musu nauyi," in ji kafinta. "Matsa, kana shiga hoton."