Koren Dutsen Nathaniel

Ƙanena Nathaniel ya je Meziko kwas ɗin noman masara, ya dawo mana da dutse a wuya. Ofishinsu na aikin gona ne ya tura shi, bai ma wani daɗe ba, amma tun daga ƙofar gida na ga tafiyar ta canja, har "sannu" sai ya tauna ta kafin ta fito. Ni Keziah, ni na goya shi, ni na wanke masa kashi a ƙauyenmu can wajen Lau, don haka ba ni zai yi wa sabon salo ba.

Dutsen kore ne, bai wuce babban yatsa ba. An sassaƙa masa fuska mai turarren baki kamar yaron da aka hana nono, ga wata tsaga a tsakar kai. Maɓallan riga ya ɓalle har ƙirji, don kada wani ya wuce bai gani ba.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya kwaso baƙi zuwa gidanmu na Majidaɗi, inda nake zaune da Mama. Ogansa ne, Malam Goni, da wata Madam Lucy ta ofishinsu. Wai sun zo gaishe da tsohuwa. Mama tana kan tabarma a gindin mangwaro tana ɓarar masarar iri da hannu, don sama ta fara haɗuwa. Idonta ya daɗe da tafiya, amma kunnen nan ko faɗuwar allura ba ta wuce shi.

Gaisuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Ina ajiye musu kunu, ƙanen nawa ya buɗe makaranta.

"Sunansa jed," in ji Nathaniel, yana lilo da dutsen. "Na wasu mutane ne, Olmek, da suka yi zamani a can kusan shekara dubu uku baya. Wannan kwafi ne na shagon gidan tarihi, amma dutsen na gaske ne. A wurinsu kore shi ne rai, shi ne ruwa, shi ne ganyen masara. Kun ga tsagar nan? Ta nan ake nuna tsiro yana fitowa. Manyansu suna ratayawa a wuya da kunne, wasu kuma binne su ake yi a ƙasa a matsayin baiko ga allolinsu."

"Ikon Allah," in ji Malam Goni.

"Zurfin tunani ke nan, ranka ya daɗe," in ji Nathaniel. "Mutane ne masu wayewa."

Masu wayewa. Na ciji leɓe don kada in yi tsaki a gaban baƙi.

Bari in faɗa muku abin da bai faɗa musu ba. Mama ma tana da dutsenta. Ba shi da fuska, ba shi da suna, wani sulɓaɓɓen abu ne mai huda, launin ganyen kuka. Daga uwarta ta gada, ita ma daga tata uwar. Duk ƙarshen rani takan kwance shi daga wuya ta jefa a tukunyar iri, ya kwana cikin masara har ranar shuka. Ba ta yanka masa kaza, ba ta yi masa magana, kuma ba ta taɓa fashin coci ba. Cewa take yi hannun uwarta ne a cikin irin. To, shekarar da Nathaniel ya zama shugaban matasan coci, gemu ko tsiro bai yi ba, ya shigo da abokansa suna waƙa, ya zura hannu a tukunyar ba tare da ya ce mata uffan ba, ya je ya wurga dutsen a kogi. Wai ya raba gidanmu da duhu. Fasto da kansa ya ce masa bai kyauta ba, ya yi gaggawa. Mama ba ta yi kuka a gabansa ba. Amma har yau in za ta rufe tukunyar iri, sai hannunta ya kai wuya tukuna, ya taɓa wurin da babu komai. Shi kuwa bai taɓa cewa ta yi haƙuri ba, ko da wasa.

Yanzu ga shi a kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana koya wa mutane darajar dutsen shuka. Na mutanen da bai san kabarinsu ba tarihi ne, na uwarsa tsafi.

Hannun Mama ya tsaya a kan masarar.

"Nata," ta ce, don haka take kiransa. "Su ma don shuka suke yi?"

"Kusan haka, Mama. Amma nasu da ilimi a ciki."

"Kawo in ji."

Ya dubi ogansa, sannan ya cire ya miƙa mata. Ta bi fuskar da yatsa, ta bi tsagar, ta auna nauyinsa a tafin hannu. Madam Lucy ta zaro waya.

"Kai, wannan hoto zai yi kyau. Rataya mata mana. Ai Mama ya fi dacewa da ita, ita ce manomiyar."

Nathaniel ba ya ganin kyamara ya ƙyale. Nan da nan ya durƙusa, ya rataya mata, ya dafa kafaɗarta, haƙora a waje.

"Ai dama nata ne," ya ce da ƙarfi. "Don ita na kawo shi."

Malam Goni ya ce Allah ya yi masa albarka. Suka shanye kunu suka tafi, shi ma ya bi su yana ta waiwayen wuyan Mama, amma bakinsa ya riga ya ɗaure shi.

Ban taɓa ganin Mama kamar yammacin nan ba. Ta sa na ɗauko tukunyar iri na goge. Ta zuba masarar da kanta, ta kwance igiyar, ta tura dutsen can ciki har wuyan hannunta ya nutse. Tana yi tana rera wata waƙar yarenmu da na manta rabon da in ji ta.

"Mama," na ce, "kin san fa ba naki ba ne."

"Na sani. Nawa ya fi santsi." Ta rufe tukunyar. "Amma ya tuna, Keziah. Har can ya je, ya gani, ya tuna. Namiji ba ya iya ba da haƙuri da baki."

Na so in ce mata wannan bai iya da baki ba, bai iya da komai ba. Na haɗiye. Ta matsa jikin katanga ta kira maƙwabciyarmu Suwaiba, ta ce mata gobe ta shigo ta ga abin da ɗanta ya kawo mata daga bayan teku.

Washegari da safe ina shara sai ga shi cikin kwat, turare kamar an fasa kwalba. Ya ja ni gefe.

"Yaya, taimaka ki ɗauko mini abin nan. Yau zan yi bayanin tafiyata a gaban manya, dole su gan shi."

"Wane abu?"

"Haba, kin gane. Jiya ai don hoto ne."

"Je ka faɗa mata haka da bakinka."

"Ba sai ta sani ba. Ai ba gani take yi ba. Ki sa mata wani dutsen."

Na tsaya da tsintsiya ina kallonsa. Wallahi ba fushi na ji ba, ƙyama na ji, irin wadda kake ji in ka taka abu da safe ba takalmi.

"Yana cikin tukunyar iri," na ce. "Ka san hanya. Ba yau ka fara ba."

Na zaci kunya za ta kama shi. Ina! Ya naɗe hannun kwat, ya yi sanɗa zuwa ɗakin ajiya, babban ma'aikacin gwamnati yana tafiya a kan yatsu. Na ji ƙarar murfi, na ji masara tana zuba a ƙasa.

Mama tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ɗan taku kaɗan daga wurin. Duk ta ji. Ta dafa bango ta miƙe, ta bi shi a hankali har ɗakin ajiyar. Ya daskare, hannu a cikin tukunya.

"Matsa," ta ce. "Za ka ɓarar mini da iri."

Ta zura hannu sau ɗaya ta fito da shi. Ta hure masa ƙaiƙayi, ta goge da bakin zane, ta lalubo hannunsa ta ɗora masa.

"Ungo. Wancan karon ma ba ka tambaye ni ba."

"Mama, zan dawo da shi, aro kawai..."

"Ka makara ofis."

Ya karɓa. Ina faɗa muku ya karɓa. A tsakar gida ya tsaya ya ɗaura, ya gyara shi a kan taye ya zauna daidai, ya fita yana duba agogo. Mama ta durƙusa tana tsince masarar da ya zubar, ƙwaya ƙwaya, ta ƙi in taya ta.

Tana cikin haka Suwaiba ta yi sallama, da fara'arta, tana goge hannu a zane.

"Mama, ga ni. Ina tsarabar tamu?"

Na buɗe baki zan zazzage mata komai. Mama ta riƙo ƙafata.

"Igiyar ce ba ta da ƙwari," ta ce. "Ya kai a sa mini sabuwa."