Lambar da ke rabuwa da tara

Ni da lissafi tun a firamare muka raba gari, amma sai ga shi ya biyo ni har rumfata ta cajin waya a kasuwar Makarfi.

Wani dattijo ne ya tsaya a gabana, rigarsa fes, takalminsa ƙafa ɗaya daban da ɗayar. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaro, kira mini 'yata ta mai da ni gida."

"To Baba, faɗi lambar."

Sai ya ce, "Cika ce, ba mara ba. Tana rabuwa da tara, tana rabuwa da goma sha ɗaya. In ka cire sifilin farko, gaba da baya duk ɗaya take."

Na dubi wayar, na dube shi. Ina zan danna "rabuwa da tara"? Na tambayi sunan 'yar, ya kama goshi. Sunan garinsu ma ya ɓace masa. Haushi ya fara kama ni, tausayi ya danne shi.

Mutane suka taru, kowa da tasa. Wani ya ce laƙani ne, wani ya ce a kai shi wurin 'yan sanda. Sai Lantana mai mazarƙwaila ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Ai Malam Labaran ne na Malikanchi! Shi ya koya wa ƙannena lissafi. Tsufa ne ya taɓa masa tunani. Ga 'yarsa Murja can tana ta nemansa a layin 'yan rake."

Aka kira Murja, ta iso tana haki, ta kama hannunsa. "Baba, taso mu tafi."

Ya zare hannun a hankali. "Baiwar Allah, yi haƙuri. 'Yata nake jira."

"Ni ce, Baba. Murja ce."

Ya dube ta kamar mai neman abu cikin duhun ɗaki, ya girgiza kai, ya gyara zama a bencina.

Murja ta durƙusa a gabansa, ta share hawaye da gefen hijabi. Ashe shi ya zaɓar mata layin wayarta da kansa, tun hankalinsa na nan. Ta fara karanto lambar wayarta ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tarawa da yatsu, leɓensa na motsi.

"Talatin da shida," in ji shi. "Ta rabu da tara." Ya sa ta maimaita daga baya zuwa gaba, ta maimaita.

Fuskarsa ta saki. Ya miƙa mata hannu.

"Lambar 'yata ce kam," ya ce. "Tunda kin san ta, kai ni wurinta."

"To, Baba," in ji Murja. Ta riƙe hannunsa suka tafi.