Kuskuren Mama a Jikin Tabarma

Wata biyar Baba ya yi a gidana a birnin Brisbane, kuma kullum da takalmi a ƙafarsa. Da gari ya waye zai ɗaure igiyarsu, ya zauna kusa da akwatinsa kamar mai jiran mota. Likita ya faɗa masa ƙarara cewa mai wankin ƙoda sau uku a mako ba ya komawa tsibirinmu na Nukufetau. Baba ya ji, ya ce to, ya ci gaba da ɗaure takalminsa.

"Baba, a cikin ɗaki fa kake," in ce masa.

"Ɗakinki dai, Siliga. Ni baƙo ne."

Maganar nan tana ci mini rai, ba kaɗan ba. Gidan da yake son komawa ma babu shi, guguwa ta ɗauke rufin, teku ta cinye saura. Ya sani sarai, amma idonsa bai gani ba, shi ya sa zuciyarsa ta ƙi yarda. Abinci sai ya tsakura ya ture, ga rama sai ƙaruwa take yi.

Ni kuwa aikina a ofishin masu zanen gini shi ne tufatar da gida a cikin kwamfuta. Su zana shi tsirara, ni in sa wa bango bulo, in sa wa daɓe katako, har mai gida ya ga kamar ya shiga. Sai na ce, ni da nake gina wa baƙi gidajen da ba a yi ba tukuna, me zai hana in gina wa ubana wanda aka rasa?

Ranar Asabar na zauna. Ginshiƙai, rufin kwano da tsatsarsa, tsakuwar murjani a ƙofar gida, duk ban sha wuya ba. Tabarmar da ke shimfiɗe a ɗakin ce matsala. Mama ce ta saƙa ta da ganyen bishiyar fala, mai kama da kaba, kuma a cikinta aka naɗe ta ranar da aka binne ta. Abin da ya rage mini hoto ɗaya ne a waya, gefen tabarmar kawai, faɗin tafin hannu biyu, kusa da kofin shayi.

Manhajar da nake aiki da ita tana ɗaukar ɗan guntun hoto ne ta jera shi gefe da gefe har ya cika daɓe. Da na jera, kai! Ashe akwai wani jan zare da ya tsallake biyu maimakon ɗaya, sai ga shi ya fito sau ɗari biyu, layi-layi kamar ƙuraje. A sana'armu babu abin kunya kamar wannan. Ko tunani ban yi ba, na goge shi tas, na jera sabo. Tabarma ta fito sumul, har na yaba wa kaina.

Bayan mun dawo coci ranar Lahadi na ajiye masa kwamfutar a gabansa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Na zagaya da shi a cikin kwamfutar, ta ƙofa, ta bayan gidan, na shigar da shi ciki.

"Gida mai kyau," ya ce. "Na waye?"

"Haba Baba! Naka mana. Ga tabarmar Mama nan."

"Wannan? Wannan ta kanti ce. Uwarki ba inji ba ce." Ya cire tabarau. "Ina jan da ya tsallake?"

Na ce na gyara shi.

"Kin gyara! Sannu da aiki, gwana. Ita da ta yi shi ba ta gyara ba sai ke."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana cikin saƙar ne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata an ɗauke shi aikin jirgin ruwa, shekara biyu zai yi. Ta ɗago ta dube shi, hannunta ya zarce. Mata suka yi ta tsokanarta ta warware, ta ƙi. Ta ce a nan hankalinta ya tafi, a nan zai zauna har mai shi ya dawo. Da ya dawo kuwa, wajen ya zama mazauninsa shekara talatin da takwas.

Kunya da kewa suka taru suka kama ni. Na buɗe hoton asali, na yanko jan zaren shi kaɗai, na ɗora a kan tabarmar sau ɗaya tak.

"Ba nan ba. Matso da shi wajen ƙofa. Ƙara. Ke, hagu na ce, ko boko ya cinye miki hagu da dama?"

Na matsar. Ya kai yatsa ya taɓa gilashin kwamfutar, daidai wajen, ya bar shi a nan.

"Tana nan," ya ce a hankali.

Na tambaye shi ko in shigar da shi ciki sosai, har kan tabarmar. Ya ce in dakata. Ya sunkuya da ƙyar, yana nishi, ya kwance igiyar takalminsa, ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe.

"To, mu shiga," ya ce. "Ba a taka wa uwarki tabarma da takalmi."