Hajara Ta Ƙi Hawa Motar Kano

A Sudan aka haifi Hamisu, a unguwar mahajjatan da hanya ta tsayar, suka zauna noman auduga. Duk wanda Balarabe ya tambaya daga ina, sai ya ce Kano. Haka Hamisu ya tashi yana ji, shi ma haka yake faɗa.

Da mahaifinsa ya rasu, uwarsa Hajara ta ce ita dai a kai ta gida ta ga danginta tun tana da sauran numfashi. Suka biyo motocin kaya ta ƙasar Cadi, yau tafiya gobe gyaran mota, har suka sauka Maiduguri shekarar da aka sami mulkin kai. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar take takawa.

A tasha Hamisu ya samo motar Kano, ya sa aka ɗaure kayansu a kan buhunan bandar kifi. Ya dawo ya kama hannunta.

"Tashi, Inna, motar Kano ta kusa cika."

"Me zan yi a Kano?"

"Gida mana."

"Ni ban taɓa taka Kano ba."

Ya tsaya yana kallonta, a ransa yana cewa wahalar hanya ce ta taɓa ta.

"Inna, da kunnena na sha jin kina ce wa Larabawa Kano."

"To, ni 'yar Biu ce. Sun san Biu ne? In na ce Biu sai su ce ina ne, a yi ta magana. In na ce Kano sai su ba ni gishirina in tafi."

"Ni fa? Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya?"

Wani direba mai suna Dzarma yana kwance a ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani ƙarfe. Da ya ji an ambaci Biu sai ya leƙo, ya yi wa tsohuwar magana da wani harshe da Hamisu bai taɓa ji ba. Ta amsa nan take, har da dariya. Suka yi ta yi, ɗanta na tsaye kamar baƙo.

Can Dzarma ya juyo da Hausa. "Samari, ƙauyensu yana bayan duwatsu, ina wucewa ta bakinsa. Ta ce tana da ƙane, Pindar. Akwai wani tsoho mai wannan suna, bara na gan shi yana sayar da gyaɗa. Bana ban sani ba."

"Daga Kano nisa ne?"

"Kai da Kanon nan. Hanyar ma daban ce."

Motar Kano ta riga ta tayar. Hamisu ya ruga, ya ɗare sama yana kwance igiya, masu lodi na ta zaginsa da Barbarci. Ya sauko da kayan suna ƙarnin kifi.

Dzarma ya share wa Hajara wuri a gaban motarsa mai zuwa Biu, kusa da taga, ya ce ta miƙe ƙafafunta. Hamisu kuwa ya hau baya.